Sarauniyar Lugu da Sarauniyar Littafi: Abdoulaye Mamani a Gaban Masu Karatunsa

A Nijar, idan aka ce Sarauniya ba a haɗa da wani suna ba, ɗan makaranta ba ya tambayar wace ce ake nufi. Ya san Mangu ce ta Lugu, wadda ta ƙi ba ayarin sojojin Faransa hanya a shekarar 1899. Akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai mai wannan suna, akwai lise a Doso, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar yabo ta ƙasa suka raɗa mata sunan Sarauniya Mangu. Wanda ya tashi ya iske abin haka zai ɗauka tun fil azal sunan yake a bakin jama'a. Alhali kuwa kafin 1980, in aka fita ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Matankari, ba kowa ne ya taɓa jin labarinta ba. Abin da ya sauya al'amarin wani ɗan littafi ne da bai kai shafi 200 ba, ƙagaggen labari cikin Faransanci, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a birnin Paris a 1980 da sunan Sarraounia, le drame de la reine magicienne. Marubucinsa Abdoulaye Mamani.

Sama da shekara 40 ke nan ana karanta wannan littafi, kuma har yau masu karatunsa ba su taɓa zama bakinsu ɗaya ba. Saɓanin nasu ya cancanci a dube shi da kyau, domin ya wuce maganar daɗin labari ko rashin daɗinsa. Magana ce ta wane ne yake da ikon faɗin yadda wata mace ta rayu, bayan ita kanta ba ta bar ko harafi ɗaya a rubuce ba.

Ya kamata a fara da abin da ba a gardama a kansa. A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniyar da ta shata iyaka tsakanin rabonsu, aka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato aka bar wa Ingila. Faransawa suka tashi da ƙasar da ke arewa da wannan baka, inda rijiyoyi suke nesa da juna. A kan wannan hanya aka tura ayarin kaftin Paul Voulet da kaftin Julien Chanoine domin su kai Tabkin Cadi. Mutanen biyu sun riga sun yi suna wajen rashin imani tun cin Wagadugu a 1896, kuma uban Chanoine janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa a 1898. Turawan da ke cikin ayarin ba su kai 10 ba. Sauran duka baƙaƙen fata ne: sojojin da aka ɗauko daga yammacin kogin Kwara, ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da matan da ake kwasa garuruwa. Taro mai yawa haka, a ƙasa mai ƙarancin ruwa, a tsakiyar bazara, ba ya ciyuwa sai da ƙwace. Tun daga Sansanen Hausa a watan Janairu na 1899 suka fara ƙone garuruwa da yanka mutane.

Ranar 16 ga Afirilu suka auka wa Lugu. Rahoton Faransawa ya ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma sun ƙone harsashi dubbai kafin mutanen garin su janye cikin kurmi. Ayarin ya wuce. A watan Mayu ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da ya fi kowane muni a duk tafiyar. Wasiƙar da laftana Péteau ya rubuta wa budurwarsa ce ta tona asiri a Faransa, aka taso laftana-kanar Klobb daga Tumbutu ya bi sawunsu, yana ratsa kangaye da gawawwaki. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Klobb a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna nan a Mai Jirgi kusa da Tasawa. Sauran ayarin ya ci gaba, ya kara da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, ya shiga birnin a ƙarshen watan Yuli.

A cikin wannan dogon labari na jini, rabon Sarauniya a takardun Turawa ƴan layuka ne. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin ayarin, ya ambace ta a littafinsa Le drame de Dankori na 1930 a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta yi musu taurin kai. Daga waɗannan layuka, da abin da ya tsinta a bakin mutane, Mamani ya gina mace cikakkiya. Ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta uban riƙo mai suna Dawa wanda ya koya mata sirrin itatuwa da harbin kibiya, ya ba ta masoyi jarumi mai suna Baka, ya ba ta maroƙi, ya ba ta fada da rundunar yaƙi. Sa'an nan ya ɗaura rushewar ayarin a wuyan tsoronta: sojojin Voulet sun bar Lugu da gangar jikinsu, amma zukatansu sun karye a can, kuma wannan karaya ce ta bi su har Dankori. Ko sunan littafin ma kamar martani ne ga na Joalland. Bature ya ce abin takaicin ya faru ne a Dankori, inda Bature ya kashe Bature. Mamani ya mai da shi Lugu.

Mafi yawan masu karatu, musamman waɗanda suka gamu da littafin a kwaleji ko a lise, sun karɓe shi hannu biyu, kuma sun karɓe shi a matsayin tarihi. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da aka karantar da shi labarin Samori na Gine da Behanzin na Dahome da Lat Dior na Senegal yakan tambayi malaminsa ina na ƙasarsa. Mamani ya ba shi amsa, kuma amsa mai armashi: mace ce, ba ta da igwa, ba ta da dawakin Sakkwato, amma ta tsaya inda maza masu rawani suka sunkuya. Fim ɗin da Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi a 1986 ya ƙara dasa wannan hoto a zukata. Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, doguwa, matashiya, da baka a hannu, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan fuskar ƴar wasan ta zama fuskar Mangu. Akwai abin dariya mai ɗaci a nan: an so a ɗauki fim ɗin a Nijar, hukumomin lokacin suka janye, sai aka ɗauke shi a Burkina Faso ta Thomas Sankara. Saboda haka sarauniyar Hausawan Arewa ta bayyana wa duniya tana magana da Julanci.

Waɗannan masu karatu ba su yi kuskure ba da suka ji littafin ya taɓa su. Inda suka zame shi ne wajen ɗaukar Dawa da Baka kamar yadda ake ɗaukar Klobb da Joalland, wato mutanen da za a iya nemo sunansu a kundi. Malamin tarihi da ya taɓa gyaran takardun jarrabawa ya san yadda ɗalibi yake zuba masa babin littafin Mamani a matsayin amsar tambayar mamayar Faransa, da cikakken yaƙini, har da kalaman da sarauniya ta faɗa wa mayaƙanta.

Daga nan ne kashi na biyu na masu karatu suke tasowa, wato masana tarihi da masu binciken al'ada. Su ƙorafinsu a fili yake. Lugu ba ta kasance daula ba, ƙauye ne na Azna a ƙasar da yau take cikin ƙaramar hukumar Dankasari. Sarauniya kuma ba sunan mutum ɗaya ba ne, sarauta ce da mata suke gada tun kafin Mangu, kuma ta ci gaba bayanta. Sarauta ce ta addinin gargajiya: mai riƙe da ita ita ce mai kula da alaƙar mutane da ƙasa da iskokinta, kamar yadda Baura yake a Bagaji, kuma a yankin ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa ƙara ya raba gardama. Ba a naɗa sarauniya da zaɓen fadawa. Gawar wadda ta rasu ake ɗauka a makara, ita ce take nuna magajiyarta, abin da ake kira tarkama. Wadda aka nuna kuwa takan shige ɗakinta, ta rage fita, ta zauna da mazari da abawa tana kaɗi. Marc-Henri Piault ya yi bayanin tsarin ƙasar Arewa a littafinsa Histoire mawri tun 1970. Daga baya Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai ta yi rubutu a 2009 kan yadda aka shafe shekara ɗari ana mantuwa da shugabancin mata irin wannan, Elara Bertho kuma ta bi takardun Faransawa da bakin mutanen Lugu da littafin Mamani ta jera su gefe da gefe, a wata maƙala ta 2011 da littafinta na 2019. Abin da ya fito daga irin wannan bincike shi ne, macen da ke riƙe da baka tana jagorantar hari ta fi kusa da alƙalamin Mamani bisa ga abin da tsofaffin Lugu suke tunawa.

Wannan gyara yana da amfani, kuma dole malami ya san shi. Amma akwai masu kai shi inda bai kamata ba, su ce tunda haka ne littafin ƙarya ne, marubucin ya yaudari ƙasa. Nan kam an yi wa Mamani rashin adalci. Mutumin bai ce kundin tarihi ya rubuta ba. Kuma takardun da ake auna shi da su ba alƙalai ne masu gaskiya ba: waɗanda suka ƙone garin ne suka rubuta su, suna rubutu ne domin manyansu a Paris, kuma ba su da wata riba a cikin faɗin cewa wata tsohuwa ta girgiza musu sojoji. Ƙarancin layukan da suka ba ta shaida ne kan abin da suka ga dama su faɗa. Harsashin da suka ce sun ƙone a ƙauye guda yana faɗin wani abu dabam.

Akwai kuma abin da masu wannan ra'ayi sukan tsallake, wato wane ne Mamani da kuma lokacin da ya yi rubutun. An haife shi a Gudumariya a 1932. Ɗan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary, kuma ya wakilci Damagaram a majalisa tun yana saurayi. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce a'a ga tayin De Gaulle, gwamna Colombani ya jawo sarakunan gargajiya suka ce i, aka ba da sakamakon kusan kashi 78 cikin 100 ga masu i. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Mamani ya yi shekaru yana gudun hijira, mafi tsawonsu a Aljeriya, ya dawo bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, bai daɗe ba aka tsare shi a kurkuku. Wanda ya san wannan, in ya buɗe littafin ya ga wata ƴar ƙaramar al'umma ta ce a'a, sarakunan kewaye kuma suna lissafin ribar da za su samu in Nasara ya murƙushe ta, ba ya bukatar a yi masa fassara. Shekarar 1899 ce a rubuce, amma 1958 tana leƙowa ta kowace kafa. Tsofaffin ƴan Sawaba haka suka karanta shi, kuma karatunsu ya fi na kowa kusa da zuciyar littafin. Sai dai wannan karatu shi ma yana da tsadarsa: Mangu ta zama riga da aka ba wata gwagwarmaya ta saka.

Ƙorafin da ya fi zafi, wanda kuma aka fi yi a zaure bisa ga a takarda, shi ne na masu karatu Musulmi. Suna cewa littafin ya raba duniya biyu, ya ajiye mutunci da jaruntaka wajen Azna, ya bar wa masu salla makirci da tsoro. Fadar Sakkwato a cikinsa ta fi damuwa da ƙiyayyar arniyar da ta gagare ta bisa ga haɗarin da ke tafe, sarakunan da ke maƙwabtaka da Lugu kuma ba su fito da haske ba. Mai wannan ƙorafi yana da hujjoji a hannunsa, kuma masu nauyi ne. Garin da ya fi kowane zubar da jini a hannun Voulet shi ne Birnin Ƙonni. Wanda ya fito fili ya tari ayarin da runduna shi ne Amadu Kuran Daga na Damagaram, wanda a birninsa aka kashe kaftin Cazemajou a 1898. Sarkin Musulmi Attahiru ya mutu da makami a Burmi a 1903. Alfa Saibu na Kobkitanda ya tayar wa Faransawa a ƙarshen 1905 kafin ya ƙetara Satiru. Firhun da Kawusan sun ɗaga Abzinawa a 1916. Duk waɗannan Musulmi ne, kuma babu ɗayansu da ya sami marubucin da ya yi masa abin da Mamani ya yi wa Mangu.

Gaskiya ne Mamani ya matse hoton domin labarinsa ya yi kaifi, kuma wasu daga cikin sarakunan da malaman da ya zana sun fi kama da dodon wasan yara bisa ga mutane. Wannan rauni ne na adabi kafin ya zama laifi ga wani addini, domin abokin gaba marar zurfi yana rage darajar jarumin da ya kayar da shi. Amma kada a manta cewa gabar da ya zana ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Ƙasashen Azna sun sha hare-hare a ƙarni na 19, kuma rarrabuwar kan sarakuna a gaban Nasara abu ne da ya faru. Haka kuma ƙarshen labarin bai tsaya kan fifita wani addini ba: al'ummar da Sarauniya ta sake kafawa bayan ƙonewar garinta a buɗe take ga duk wanda ya zo, ko wane harshe yake yi, ko me yake bauta wa. Mafarkin ɗan siyasa ne mai son ƙasa guda, an sa shi a bakin mai tsafi. Abin lura shi ne yadda hukuma da makaranta suka warware wannan matsala ba tare da sun ce uffan ba: sun riƙe jarumar da ta yaƙi Faransa, sun sauke mata addininta a hanya. Sarauniyar da ke kan lambar yabo ba ta da tsafi, ba ta da iskoki. Mutanen Lugu da har yanzu suke riƙe da al'adar kakanninsu suna ganin ana ɗaukaka sunan uwarsu a Yamai, alhali abin da ya sa ta zama sarauniya ana kiransa jahilci a masallacin da ke kusa da su.

Mata masu karatu su ma ba layi ɗaya suke ba, kuma muhawararsu ta fi sauran amfani ga mai nazarin adabi. Wasu suna ganin littafin kyauta ce babba. A ƙasar da yarinya take barin makaranta da wuri domin aure, samun littafi a cikin aji wanda mace ce take ba da umurni a cikinsa, maza suna bi, ba ƙaramin abu ba ne. Malamai mata da yawa sun ga yadda ɗalibansu mata suke miƙewa in aka zo wannan darasi. Wasu kuwa suna tambaya: me ya sa sai da aka mai da ita namiji kafin a girmama ta? Namiji ne ya rene ta, tarbiyyar maza aka ba ta, ba ta zaman aure, ba ta goyo, darajarta tana bakin kibiya. Ma'ana, an ce wa yarinya za ta iya zama babba in ta bar duk abin da uwarta take yi. Alhali sarauniyar Lugu ta ainihi ikonta yana cikin zama ne, da kaɗi, da kalmar da take fita daga ɗaki a bi ta ba gardama. Irin wannan iko ƙasar Hausa ta san shi da daɗewa, a wajen magajiya da iya da inna ta bori a Gobir da Maraɗi, kuma shi ne littafin ya kasa gani, ko ya gani ya ga ba zai yi labarin yaƙi ba.

Wannan suka ta sami littafin a gaɓa. In aka karanta shi a natse za a ga cewa Sarauniya ita ce mutumin da aka fi yabo kuma aka fi ƙarancin sani a cikinsa. Ana jin ta a bakin maroƙi, a bakin maƙiya, a cikin firgitar sojoji, amma ba a cika shiga zuciyarta ba. Ba ta shakka, ba ta kuskure, ba ta tsufa. Kirari ce mai tafiya da ƙafa. Irin abin da ya sami Amina ta Zazzau ke nan, wadda ƴan layukan da Tarihin Kano da Muhammadu Bello suka bari a kanta suka zama mutum-mutumi da doki da takobi. Marubuta maza, in suka tashi girmama macen tarihi, hannunsu yakan kai ga sulke kafin komai.

Inda alƙalamin Mamani ya fi ƙarfi wani wuri ne da masu yabo da masu suka duka ba su cika tsayawa ba, wato cikin ayarin kansa. A nan mutane suke da nama da jini. Ana ganin Voulet yana kumbura kwana bayan kwana har ya daina jin kansa ƙarƙashin kowa, ana ganin hafsoshin da suka san ana ɓarna suka yi shiru, ana ganin tafinta da ke cin riba tsakanin harsuna biyu. Fiye da duka ana ganin sojan baƙar fata, wanda aka ɗauko daga nesa, aka ba shi bindiga da ganima da mace, ya ƙone garin mutanen da suka yi kama da iyayensa, sa'an nan dare ya yi ya kasa barci saboda layun da ke wuyansa sun gaya masa akwai abin da ya fi bindiga. Mamani bai ɓoye cewa hannun da ya yanka mutanen Ƙonni baƙi ne ba, ko da yake umurnin fari ne. Wannan gaskiya ce mai wuyar haɗiya, kuma ita ce karatun kishin ƙasa yake tsallakewa da sauri. A 1976 Jacques-Francis Rolland ya buga Le Grand Capitaine a kan wannan ayari, inda Bature da haukansa suke tsakiyar fage. Mamani ya nuna cewa haukan mutum 9 ba ya ƙone ƙasa sai da ɗaruruwan hannuwa, kuma ranar da hannuwan suka gaji, a Mai Jirgi, abin ya ƙare cikin kwana biyu.

Akwai wasu masu karatu da ba a cika jin muryarsu a mujallu ba, su ne jikokin garuruwan da ayarin ya bi ta kansu. A wajensu labarin bai zo daga littafi ba, a gida aka gaya musu: rijiyar da aka cika da gawa, itacen da aka rataye ƴan mata, kakar da aka tafi da ita ba ta dawo ba. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi wannan hanya ya saurari wasunsu. Ga irin waɗannan mutane, shaharar Sarauniya tana da fuska biyu. Ta sa duniya ta san sunan Voulet, amma ta mai da shekarar 1899 labarin nasara, alhali a garuruwansu babu wanda ya yi nasara. Ƙasa ta fi son tuna wadda ta tsaya bisa ga dubban da aka kashe ba su sami damar tsayawa ba, domin da ta farkon ake yin waƙa da lambar yabo.

Mamani bai ga mafi yawan wannan muhawara ba. Ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota a hanyar Damagaram zuwa Yamai, yana tafiya karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Tun daga lokacin littafin ya fita hannunsa ya shiga hannun malamai, kuma a nan ne ake yanke hukuncin yadda za a karanta shi. Malamin Faransanci yana da shi a jadawalinsa, malamin tarihi yana da ayarin Voulet a nasa, sau da yawa a makaranta guda, ga ɗalibai guda, kuma kowa yana shiga ajinsa ya fita ba su haɗu ba. Da za su zauna sa'a biyu tare, ɗaya ya kawo babin yaƙin Lugu, ɗaya ya kawo rahoton hafsan Faransa da abin da tsofaffin Arewa suke faɗi, a bar ɗalibai su gano da kansu inda ukun suka haɗu da inda suka rabu, da an koyar da abin da ya fi sunan jaruma amfani, wato yadda ake ƙera labari da dalilin ƙera shi. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya wasan kwaikwayo a gidajen matasa su ma suna da zaɓi a gabansu duk lokacin da suka ɗora Sarauniya a dandali: ko su miƙa wa yarinyar da za ta fito baka da kwari kamar yadda aka saba, ko su zaunar da ita a ɗaki da mazari, mayaƙa suna shigowa suna durƙusawa.

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mangu da Hausa ta yi magana, Mamani ya sa ta yi Faransanci, Med Hondo ya sa ta yi Julanci. Duk marubucin Hausa da ya tashi mai da ita harshenta zai ci karo da wata matsala tun a bangon littafi, domin kalmar da Mamani ya zaɓa, magicienne, tana da laushi a Faransanci, tana ɗauke da sha'awa da al'ajabi. A Hausa sai ya zaɓa tsakanin matsafiya da mayya da bokanya da mai iskoki, kuma kowace ɗaya ya ɗauka ya riga ya shiga ɗaya daga cikin sansanonin masu karatun nan kafin ya rubuta layin farko.